Kawu Ummaru da Asalin Sunan Tambari

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata, wanda duk Gwandu ta sani da ɗaura wa tambura fata. Bai yi boko ba, amma ko a bayan katanga aka buga tambari yakan faɗi wanda ya ɗaura fatarsa.

Sau ɗaya muka saɓa, kuma a kan kalma ne. Shi a wurinsa sunan daga ƙarar ya fito: in ka ji "tam", sai ka bari, ka ajiye abin da kake yi, don sarauta ce ke magana. Ni kuwa lokacin na fara koyarwa a Kalgo, kaina na hayaƙi. A zaurensa, gaban abokansa, na yi dariya na ce masana sun fi karkata ga Larabci, ko dai "ɗabl" ko "ɗambur", kuma ta hamada kalmar ta iso mana. Wata biyu ina gaishe shi yana amsawa a taƙaice.

Mahaifiyata ce ta ce in je in ba shi haƙuri, don gaskiya ma tana da wurin faɗi. Na same shi yana shafa wa sabuwar fata man shanu. Sai ya sa na maimaita bayanin dalla-dalla, har da yadda Buzaye ke kiran ganga da mulki da suna ɗaya. Da na gama ya ce, "To, ɗana, sunan baƙo ne, na yarda. Amma bijimin da aka feɗe namu ne."

Yau ɗalibaina a waya suke duba asalin kalma cikin ƙiftawar ido, alhali yawancinsu ba su taɓa tsayawa kusa da tambari ba. Na tabbata da yana raye ba zai raina su ba. Zai saurare su tsaf, sannan ya ce gani ya kori ji, su zo su ɗora tafin hannu a kan tambari.

Bai bar rubutu ko layi ɗaya ba. Amma a gidan wani hakimi kusa da Dangoma akwai tambarin da ya ɗaura wa fata ana saura wata uku ya rasu. Bara masu kula da shi suka taru za su sake fatar. Babbansu ya buga sau ɗaya, ya saurara, ya ce a mayar da wuƙa kube.

Allah ya jiƙan Kawu Ummaru.