Yatsan Babana da Makunnin Famfo

Ko da zan manta komai na shekarun karatuna, ranar da na kunyata babana a gonarsa ba za ta fita daga raina ba.

Ina shekarar ƙarshe a karatun lantarki a Kano, kaina cike da iska. Baba yana noman rani a fadamar Auyo, da famfo mai aiki da sola wanda ke jawo masa ruwa daga kogi. Makunnin famfon ya yi tsatsa, sai an bubbuga yake kamawa. Da na zo hutu na ce zan yi masa na zamani, irin wanda ake shafawa da yatsa kamar fuskar waya. Na yanka jan ƙarfe biyu kamar kwabo, ɗaya na kunnawa ɗaya na kashewa, na haɗa su da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura, na rufe da roba mai kauri saboda laka.

Sauran aikin a kwamfuta yake. Manhajar tana nuna wani layi da ke tsalle sama duk lokacin da yatsa ya taɓa robar, kai kuma ka sa iyakar da in layin ya haura ta na'ura za ta yarda an taɓa ta. Da na yayyafa ruwa don gwaji sai famfo ya tashi da kansa, don haka na ɗaga iyakar sosai, na kuma saita cewa in wuraren biyu suka jiƙe tare a yi banza da su. Kwana uku ina gwadawa a ɗakinmu na Haɗeja, bai saɓa mini ko sau ɗaya ba. Abin da ban lura ba, da yatsana kaɗai na gwada, yatsan da bai san komai ba sai biro.

Ranar da na ɗaura, na cire tsohon makunnin na jefa a jakata. Baba ya kira maƙwabtan gona, yana ta fara'a. "Ku zo ku ga aikin injiniyanmu!" Na shafa, ruwa ya bulbulo, aka yi ta tubarkalla. Na kashe, na ce ya gwada.

Ya goge hannu a riga, ya yi bisimilla, ya taɓa. Shiru. Ya sake dannawa da ƙarfi, shiru. Ni kuma maimakon in tsaya in yi tunani, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ai hannun naka ne ya zama itace. Na'urar nan mai rai take ji."

Aka tuntsire da dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya mai da hannun bayansa. Da ya sake gwadawa, cikin sa'a ta kama sau ɗaya, na ce to ka gani, sabo ne kawai. Washegari na hau mota na koma Kano ina jin kaina wani ne.

A lokacin ya yafa irin shinkafa, saura mako biyu dashe. Kwana tara bayan tafiyata Inna ta kira ni. "Kai, me ka sa wa famfon babanka? Da bokiti yake ɗibar ruwa daga kogi, bayansa har ya riƙe. Ya hana ni gaya maka."

Na ce me ya sa bai sa wani ya taɓa masa ba? Ta ce, "Na faɗa masa. Ya ce shi ba zai je aron yatsa ba a gonarsa."

Da na iso, fiye da rabin irin ya ƙone, ƙasar ta tsattsage. Ya gaya mini ya ma gwada jiƙa yatsan ko zai yi laushi, ruwan ya gangara kan wuraren biyu, na'ura ta yi banza da shi kamar yadda na koya mata. Na buɗe kwamfuta a ƙarƙashin rumfar sola, na haɗa waya. Na taɓa, layi ya yi sama. Na ce Baba ya taɓa. Layin ya tashi, wallahi ya tashi, amma ya tsaya kaɗan ƙasa da iyakar da na sa. Kantar da fartanya ta yi masa ta shekara arba'in, ga kaurin robar da na zaɓa, su suka rage ƙarfin. Na'urar tana jin sa tun ranar farko, ni ne na ce mata kada ta amsa.

Na canza robar da marar kauri, na sauke iyakar da lamba ɗaya. Gyaran bai kai tsawon sallar la'asar ba. Na kuma sake ɗaura tsohon makunnin a gefen sabon. Ya taɓa, ruwa ya zo. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce a hankali, "Ashe dai da sauran rai a ciki."

A nan ya kamata in durƙusa in ce ya yafe mini. Sai na sunkuya ina naɗe waya. Shekarar nan sai da ya roƙi ragowar iri wurin mutanen da suka yi dariyar, ya yi dashe a makare, amfanin bai taka kara ya karya ba. Bai taɓa tayar da maganar ba har Allah ya yi masa rasuwa, ni ma na yi ta cewa sai gobe. Wannan shirun nawa ya fi ƙonewar irin ci mini rai.

Yanzu wannan aikin nake yi. Ba na sa iyaka a manhaja sai mai abin ya zo ya ɗora hannunsa, manomi ne ko masunci ko mai markaɗe. Na koyi cewa in abin da ka ƙera ya ƙi mutum, ka fara tuhumar kanka kafin ka buɗe baki, kuma in ka yi laifi ka nemi gafara tun mai yafewar yana tsaye a gabanka.