Jan Layi a Bangon Gidanmu

A wancan lokacin yayana ɗan wasan sikwash ne, da shi yake ci yake sha. Na gaji da yi wa mutanen unguwarmu Jekadafari bayani: ɗaki ne rufaffe, mutum biyu su shiga da raket, su yi ta maka wata 'yar baƙar ƙwallon roba a bango har ɗaya ya gaza. Sai su ce, "Wannan ma sana'a ce?" Sana'a ce mana. Ita ta kai shi Legas, ita ta sa shi a jirgin sama, ita ta yi wa Innarmu rufin kwano.

Ɗakin wasan yana wani kulob a GRA. Da aka fara tayar da bama-bamai a gari sai aka garƙame shi, aka tare hanyar da buhunan yashi. Ga babbar gasa a gabansa, kuma a harkarsu in ka yi sanyi na baya wuce ka suke yi. Shi kuwa ba yaro ba ne, ya san damarsa ba ta da yawa.

Sai ya samo jan fenti ya ja layi a bangon tsakar gidanmu irin na ɗakin wasan, ya koma yin atisaye a nan. Ƙwallon nan tana da hali. In da sanyinta ba ta tashi, faɗuwa take yi tim kamar curin tuwo, sai an dake ta da ƙarfi ta ɗauki zafi. Don haka kullum da hantsi gidanmu tas, tas, tas. Ni daɗin ƙarar nake ji.

A bayan bangon akwai ɗakin haya, wasu da suka gudo daga Borno suka kama. Wata safiya mai ɗakin, wani magidanci mai sayar da hula, ya yi sallama da Yaya a zaure. Ina daga ciki ina ji.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri, ni baƙo ne. Tsohuwata ce. In ka fara, ƙarƙashin gado take shiga. Irin ƙarar da ta ji ke nan ranar da aka kashe mahaifinmu. Na gaya mata wasa ne, ba ta yarda ba."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Da Yaya ya shigo na ce, "Yaya, gidanmu ne fa. Su canza ɗaki mana."

Ya ce, "Su koma ina?"

Ya bi mutumin ya je ya gaishe da tsohuwar. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba, amma ranar bai ci tuwon dare ba.

Ya gwada dabaru. Ya jingina katifa a bangon, ƙwallo ta ƙi dawowa. Ya koma bugawa a hankali, ta huce ta mutu a ƙasa. Sauran bangayen na laka ne. Ya je har Barunde neman kango, masu unguwa suka ce a wannan zamani ba sa son baƙuwar ƙara. Ƙarshe sai gudu kawai yake yi da safe, yana kaɗa raket a iska. Haka ya tafi gasar, aka fitar da shi a wasan farko. Ta gaba bai je ba. Yau takalma yake sayarwa a kasuwa, kuma har yanzu in na ga jan layin nan zuciyata ƙuna take yi.

Bayan ya dawo daga gasar, na raka shi muka kai wa tsohuwar kunu. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana shan hantsi, abin da ɗanta ya ce ta daɗe ba ta yi ba. Ta riƙe hannun Yaya.

"Ɗana, ka lura? An daina harbi a unguwar nan. Allah ya karɓi addu'armu."

Ɗayan hannunsa yana cikin aljihu, na san ƙwallon yake murzawa.

Ya ce, "Na lura, Iya. Allah ya ƙara mana lafiya."