Duk Awa Biyu

Ina aji uku a jami'a, inda nake karatun kula da tsofaffi, aka koya mana gyambon kwanciya. Malamarmu ta ce majinyacin da ba ya iya motsi a riƙa juya shi duk awa biyu, a duba bayansa, in ba haka ba naman ya ruɓe a ƙarƙashinsa. Na rubuta har da jan layi. A lokacin kakata Inna ta yi wata biyu kwance a Roni, ɓarin jikinta ya shanye, mahaifiyata ce kaɗai ke jinyarta.

Ina fitowa daga aji na buga waya. "Umma, ku riƙa juya ta duk awa biyu, ku duba bayanta."

"To," in ji Umma.

Na kashe waya ina jin kaina wata likita. Ni da na tashi a gidan! Mu Fulani ne, Umma kuwa ita ce 'yar farin Inna. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba, sai dai "waccan". Ko ido ba sa haɗawa. Umma takan dama mata fura, ta tura mata fo na bayan gida ta kau da kai, amma da ta kai hannu ga zaninta, sai Inna ta damƙe shi da hannunta mai lafiya. Na san duk wannan sarai, na karɓi "to" ɗin nan na koma karatuna.

Da aka yi hutu na hau acaɓa daga Kazaure. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, turaren wuta bai rufe shi ba.

"Ga likitar tsofaffi," in ji Inna. "An zo gwada karatu a kaina?"

Ni jika ce, ba kunya tsakaninmu. Na ɗaga zanin na juya ta. Ramin da ke ƙugunta, dunƙulen hannuna zai shige. Na daka wa Umma tsawa, abin da ban taɓa yi ba, kuma har yau yana ci mini rai. Kanta a ƙasa ta ce, "Ta hana ni. Yaya zan yi da ita?"

Muka kai ta asibiti, aka ce ciwon ya riga ya shiga jini. Kwananta tara ta cika.

Da aka zo wankan gawa, matan unguwa suka ce Umma ta fita, ta ƙi. Da hannunta ta juya Inna, ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Duk awa biyu kika ce, ko?"