Ranar da Ƙanwata Ta Rama Magani

Ƙanwata tun tana ƙarama kanta a hankali yake ɗaukar abu. Shekara shida ta yi a firamare, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Amma abin da ya shiga ya shiga kenan, ko da gatari ba ka cire shi. Ta yi aure a Gwaram, ta haifi namiji. Yana da shekara uku farfaɗiya ta fara kama shi, aka ba shi maganin ruwa a asibiti a Birnin Kudu, cokali ɗaya sau uku a rana. An rubuta a jikin kwalbar, amma ita da rubutu sai kallo.

Nan take uwar mijinta ta ce a ba ta yaron ta riƙe a Farin Dutse, tunda uwar ba za ta iya ba. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na ce za ta iya, ai ni malamar makaranta ce, zan koya mata. Tsoro ne ya sa ni cika bakin. Na san ranar da aka raba ta da yaron nan, an gama da ita.

Ba ta san agogo ba, amma sallah ba ta wuce ta. Sai na ce mata, "Magani kamar sallah ne. Asuba cokali ɗaya, Azahar ɗaya, Isha ɗaya. Kin gane?" Ta ce, "Eh, Yaya." Wata huɗu ba ta tsallake ko ɗaya ba, har na fara yi wa kaina kirari.

Sai aka yi suna a gidanmu a Birnin Kudu. Ta zo da yaron ta kwana, ashe ta manta kwalbar a Gwaram. Ba ta faɗa min ba, don ta san halina da faɗa. Washegari bayan La'asar mijinta ya kira ni: sun koma gida lafiya, amma yaro ya yi barci ya ƙi tashi, ga su a mota za su kawo shi asibiti.

A ƙofar asibiti na jira su. Da aka sauko da shi, wuyansa ya langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na kira shi, na girgiza shi, ko ido bai motsa ba. Wata nas mai manyan shekaru ta tambayi cokali nawa na maganin aka ba shi. Ƙanwata ta ɗaga yatsu huɗu, ta juyo gare ni.

"Na rama masa duka, Yaya. Azahar, Isha, Asuba, Azahar. Ban bar ko ɗaya ba."

Sai a lokacin na gane. Wanda sallah ta wuce shi, ai ramawa yake yi. Ni na ce mata magani kamar sallah ne.

Sai da gari ya waye yaron ya buɗe ido ya nemi koko. Nas ɗin nan ta zauna da ƙanwata a tabarma, ta zana mata rana tana fitowa, rana a tsaka, da wata. Ta ce, "Sallah ake ramawa, 'yata. Magani idan ya wuce, ya wuce." Ba ta tambaye ta ko ta gane ba. Ruwa ta zuba a kwalba ta ce, "Kin manta na Azahar, ga Isha ta yi. Nuna min." Sau uku tana gwada ta, kowane karo cokali ɗaya ƙanwata take zubawa. Ni ban taɓa cewa ta nuna min ba, alhali na san ko wa ya ce mata "kin gane" eh za ta ce.

Muna haka uwar mijin ta shigo, da zanen goyo a hannunta. Ƙanwata ta ga zanen, ta damƙe min hannu. "Yaya, tafiya za ta yi da shi?"

Na durƙusa gaban tsohuwar. "Inna, laifina ne. Abin da na koya mata ta yi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba."

Ta daɗe tana kallon yaron. Can ta miƙa wa ƙanwata zanen ta ce, "Goya abinki." Sannan ta dube ni.

"Ke kuma, Malama, sai ki koma makaranta."