Rabin Gwangwani

Jama'a, yau saura ƙiris karnuka su cinye min Zinariya ina kallo!

Kyanwata ce, wadda likitan dabbobi ya ce ƙiba za ta kashe. Ya ce a riƙa ba ta rabin gwangwanin abincinta mai romo, safe da yamma. Da zan tafi kwas Kaduna na wata guda, na bar wa Inna, mahaifiyata, wannan saƙo.

Yau na dawo. Ina ajiye jaka na ji kuka a bayan gida. Zinariya ce ta maƙale a rariyar katanga, kai a waje, ciki a gida! Ga karnukan maƙwabcinmu Danladi mafarauci sun dawo daga daji, sun yo kanta.

Na ƙwalla kira, "Danladi, riƙe karnukanka!"

Ya ce, "Malama, ja ta, sun fi ƙarfina!"

Na ja, ta ƙi fitowa. Inna ta kwarara mata man gyaɗa. Na sake ja, sai ga ta suluɓ, muka zube tare cikin kwata. Nauyinta kamar ɗan akuya!

Na ce, "Inna, ba rabin gwangwani na ce ba?"

Ta ce, "Wallahi ban taɓa wuce rabi ba."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko shi. Babban gwangwanin da muke awon masara da shi ne!

Ta ce, "Kuma abincin ya ƙare, sai ki sayo wani."