Gonata a Bangon Aji

Ina da shekara arba'in da uku na koma lakol, wata makarantar aikin noma a Maraɗi, bayan na ci jarrabawar birebe daga gida a zama na uku. Furfura ta fara fito mini a gemu, 'yan aji kuwa sa'o'in ɗiyata ta fari ne, Baba suke ce mini. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne malamin da ya shigo mana ranar Larabar farko: taubashina ne, ɗan goggona.

Tare muka ci satifika a ƙauyenmu, kuma na fi shi maki, ko shi bai taɓa musun wannan ba. Sai dai kwaleji a Agiye take, gidan da ya yarda ya sauke mu kuwa ya ce yaro ɗaya zai iya riƙewa. Mahaifina ya yi kara. Ya ce ba za a ji ya tura ɗan cikinsa ya bar ɗan ƙanwarsa ba. Aka ɗaura wa taubashina tabarma a bayan keke, ni aka miƙo mini hauya.

Kusan shekara talatin ina cikin gonar nan. A can na ƙware a sassaben da ba a ƙona komai: ka bar kututture ya tofo, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse sauran. Gawo da kalgo da sabara suka tashi inda da sai rairayi. Masu furoje, wato ayyukan raya karkara, suka riƙa zuwa da motoci, ni ke zagayawa da su, amma in an tashi ɗaukar ma'aikaci sai a tambayi diplom. Abin da ya kai ni Maraɗi ke nan.

Ranar Larabar nan taubashina ya haska hoto a bango. Tun bai buɗe baki ba na gane gawon, har da tabon gatarina a gindinsa. Da can yakan zo hutu ya auna itatuwana da igiya, ina riƙe masa bakinta ina yi masa tsiya, ashe da su ya sami babban digirinsa. Ya gaya wa aji cewa gonar wani manomi ce a yankin Agiye. Wataƙila ba ya so ya kunyata ni gaban yara ne, ni dai ban gode ba. Na duƙa ina kwafe bayanin gonata a kaye, littafin rubutuna. Hassada ce ta kama ni, ba zan sake mata suna ba. Har takalminsa da ba ya ɗaukar ƙura na ji haushi.

Da aka yi gwaji a kan sassabe, takwas ya ba ni cikin ashirin. Jan biro ya cika takardar, duk a kan Faransancina. Yarinyar da ke zama kusa da ni, wadda ba ta iya bambance kalgo da sabara, ta sami sha biyar.

Matsalar ita ce a wurinmu ba a fushi da taubashi. Zai kira ka bawansa gaban surukanka, ka rama, kowa ya yi dariya. Duk baƙar maganar da na jefa masa tsawon shekaru, wasa ya ɗauke ta. Abu ɗaya nake so: ya san, ko sau ɗaya, cewa da gaske nake. Na ɗauki takardar na same shi a buro, ofishinsa, na rufe ƙofa, na ƙi zama.

"Hassada nike maka," na ce. "Tun ran da aka ɗaura maka tabarma bisa keke. Wurina ne ka zauna."

Ya dube ni, ya fashe da dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Kai dai bawana ba ka sakewa. Bari in je gida in ba Inna wannan, sai ta yi kwana uku tana dariya."

Na ji bakina ya buɗe, ni ma ina dariyar, don ban san wata hanyar tsayawa gabansa ba. Ina shirin fita ya ce af, ran Asabar zai kai 'yan aji su ga gonar da idonsu, in sa a share gindin gawon.

Ni na share da hannuna. Da suka zo awo, ni na riƙe bakin igiyar.