Ƙauyen Jamus a Gonar Baba Malachi

Gonata tana jikin ta Baba Malachi a Jigwada tun muna samari, kuma ban taɓa jin an ce kansa da motsi ba sai da autarsa Febi ta tafi Jamus. Nas ce, ta samu aikin kula da tsofaffi a wani ɗan ƙauye wai shi Halmrode. Baba Malachi ya gyara sunan ya koma Halmuroda, haka muke kiransa har yau.

Damuwarsa ɗaya ce: bai san inda yarinyar take taka ƙafa ba. Sauran 'ya'yansa suna Mararaba da Lafiya, in ya rufe ido yana ganinsu. Febi kuwa, in ya rufe ido duhu yake gani, kamar ta ɓace masa. Da bakinsa ya gaya mini, na kuma tausaya masa, don lokacin ban san abin zai biyo ta kaina ba.

Sai ya sa ta riƙa kiransa ta bidiyo in za ta aiki, tana nuna masa hanya. Ga rafi, ga gadar dutse, ga coci a kan tudu, ga daji ta arewa. Da damina ta faɗi, kowa ya tada kunyar doya a jere yadda muka gada, shi kuwa ya tada tasa a karkace. Kowane tuli gida ne. Ya haƙa lambatu ya ratsa gonar ya ce rafi ne, ya ɗora katako a kai. Rogo ya zama daji, surin gara ya zama coci, tuli mafi girma ya zama gidan tsofaffi.

Ranar da matarsa Paulina ta kawo abinci ta tsallake lambatun, har gonata na ji ihunsa.

"Maman Febi! Kin faɗa rafi da zane! Ba ga gada ba?"

"Baban Febi, ina ruwan yake?"

"Yana Jamus!"

Da hanyoyi suka ƙare, Febi ta shiga ba shi tarihin da tsofaffin ke ba ta. Nan ya ji cewa sojoji sun taɓa ƙone ƙauyen ƙurmus a wani yaƙi, shekara kusan ɗari huɗu ke nan. Mutumin nan ya saka kaftaninsa na zuwa coci, ya ce lallai a ba shi dattijon garin a waya ya yi jaje. Febi ta kai wayar gaban wata tsohuwa mai suna Judit.

"Ki ce mata mun ji abin da ya faru," in ji shi. "Labari bai iso mu da wuri ba, ta yi haƙuri. Allah ya kiyaye gaba."

Febi ta ce tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Sai maganar ƙararrawa ta taso. Wai bayan gobarar, mutanen ƙauyen da ke gabas sun sace ƙararrawar cocin. To, wa ke gabas da gonar Baba Malachi? Ni. Na yi masa sannu da aiki, ya kau da kai. Na sake, ya tofar da yawu.

"Malam Shamsuddeen, ku dawo da ƙararrawarmu," ya ce.

"Haba Baba Malachi! Ni da ke sallah a sahun gaba, me zan yi da ƙararrawar coci?"

"Nima abin da ya ba ni mamaki ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, wallahi. Amma gaba da maƙwabci ba daɗi, ga shi garmarsa ta fi tawa kaifi kuma ina yawan aro. Na je Gangaren Tudu wajen Rasaki makanike na karɓo tsohon ƙarfen tayar mota, na rataya masa a bishiyar mangwaro. Ya buga, ya saurara, ya ce ya yafe mana duka har kakanninmu.

Tun daga nan kullum da safe sai ya buga ƙarfen, ya taso daga tulin da Febi ke haya, ya haye gada, ya raka ta har gidan tsofaffi. In ta ce wani ya rasu, sai ya tone doyar gidan mamacin, ba ya sake shuka komai a wurin. A hankali gonar ta cika da gurabe. Bara Febi ta daina kiran bidiyo, ta ce netwok ba kyau, amma rakiya ba ta tsaya ba.

Da Kirsimeti ta zo gida. Ya kawo ta gona da fara'a, yana nuna mata ƙauyenta gida gida. Ina tsaye a kan iyaka. Da suka iso babban tulin, sai ta durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. An rufe gidan nan tun lokacin da na daina kiranka ta bidiyo. Mama Judit ta rasu, sauran an kwashe su zuwa birni, nima can nake yanzu. Na kasa gaya maka."

Ni dai tsorona kada ya tashi gina mini benaye a kan iyaka. Shi kuwa ya daɗe yana kallon tulin da ya yi ta kai ta kullum ba ta ciki.

"Wa ya rage a garin?"

"Tsofaffi kaɗan, Baba. Duk mai ƙarfi ya tafi."

"Su ma 'ya'yansu haka suke yi musu?" Ya goge hannu a riga. "Je ki birninki, 'yata. Ba a barin gari ba kowa. Ni ina nan."

Ta koma bayan sabuwar shekara. Har yanzu yana buga ƙarfen da safe, amma ya daina zuwa gidan tsofaffi. Ya kafa kututture a bakin gona, daidai inda Febi ta taɓa nuna masa motar birni ke sauke fasinja, a nan yake zama har rana ta yi zafi. Nakan kawo masa ruwa, kuma ta kan gada nake bi.